Auna Furotin da Rini Mai Ƙyalli

Kafin masu bincike su yi aiki da samfurin jini, tsoka ko ganye, sai sun san yawan furotin da ke cikinsa. Tsofaffin hanyoyin Lowry na 1951 da Bradford na 1976 suna dogara ne ga sauyin launi. Kayan awo na zamani, irin su Qubit na kamfanin Thermo Fisher, suna amfani da rinin da ba ya haske sosai sai ya manne wa furotin.

Ana ɗiga maikirolita 1 zuwa 20 na samfurin cikin ƙaramin bututu mai ruwan rinin, a cika shi zuwa maikirolita 200, a girgiza, a bar shi minti 15. Daga nan na'ura ta haska shi, ta auna ƙyallin da ya mayar. Gwargwadon furotin, gwargwadon ƙyalli.

Don samun adadi, ana fara saita na'urar da ruwa uku da aka san ƙarfinsu, waɗanda aka haɗa da albumin na jinin shanu. Sinadaran wanki a cikin samfur suna ɓata sakamako, shi ya sa ake tsarma shi kafin awo.