Dokar da ke gadin kuɗinmu cikin na'urar banki

Daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, da yawa daga cikinmu yanzu ta banki ko ta salula muke biyan kuɗin kaya. Amma kaɗan ne suka san yadda na'ura ke riƙe asusun mutum, har ta hana shi jika 60 in jika 50 gare shi.

Masu rubuta manhajar kwamfuta suna da wata dabara da suke kira kilas. Masana biyu ƴan ƙasar Norwe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su suka fito da ita a 1967 cikin harshen kwamfuta mai suna Simula 67. Harsunan da suka biyo baya, irin su Java na 1995, sun gaje ta. Asusun banki na cikin misalan da aka fi koya wa ɗalibai wannan dabara da su.

Kilas tamkar abin buga bulo ne: sau ɗaya ake ƙera shi, ya fid da bulo dubu iri ɗaya. Mai manhaja zai tsara kilas ɗin asusu, ya ce kowane asusu yana da lamba, da sunan mai shi, da irin kuɗin da ke ciki, da saura. Shi ya sa asusun sefa ba ya karɓar naira sai an canza.

Sannan ya yi masa ƙofofi uku: ta zubawa, ta cirewa, da ta duba saura. Adadin kuɗin a kulle yake, ba mai taɓa shi sai ta ƙofa. Ƙofar cirewa kuwa sai ta tabbatar kuɗin sun isa kafin ta buɗe, in ba banki ya yarje maka bashi ba.

Manhajar bankunan gaske ta fi wannan girma nesa, amma dokar ɗaya ce, kuma duk kuɗin da suka shiga ko suka fita ana rubuta su. Don haka mu riƙa adana rasit da saƙon salula, su ne shaidarmu ranar gardama.

Abu na biyu, a waya ko a na'urar cire kuɗi, ƙofar ba ta san mutunci ko sanayya ba, lambar sirri ta sani. Duk wanda muka ba shi ita, ko yaron shago ne, mun miƙa masa mabuɗin jarinmu.