Kayan kwance a waya: yadda tsada ta sauya haɗa ɗakin amarya a Gaya da Ajingi

Tun bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023, yi wa 'ya kayan ɗaki ya zama nauyin da ke jinkirta aure a gidaje da dama a Gaya da Ajingi. Wasu iyayen sun koma ga kayan kwance. A da dillaliya ce ke wannan ciniki gida-gida. Yanzu hotunan gadaje da kujeru, galibi daga birnin Kano, sun koma Facebook da WhatsApp.

Sai dai hoto ba ya nuna gara ko kuɗin cizo, balle irin katakon. Idan na ainihi ne, kafinta zai goge shi, ya sauya soso da yadi, ya fesa fenti, ya dawo tamkar sabo. Na MDF kuwa, wato garin katako da aka matse, da zarar ya sha ruwa ya kumbura ba ya gyaruwa, kuma kwancewa da jijjigar mota ta hanyar Wudil kan ƙarasa shi.

Wanda ya tura kuɗi kafin ya gani da idonsa ba shi da wanda zai riƙe, saɓanin dillaliyar da kowa ya san gidanta.