Lakwal: Kalmar da Asalinta Hutu Ne

Yaron da ya rataya jaka da sassafe a Gazawa ko Gidan Rumji, in ka tambaye shi ina za shi, zai ce lakwal. Bai san kalmar ta haura shekara 2,000 tana yawo a duniya ba.

Daga Faransanci muka same ta. Su école suke cewa, in sun ɗora mata harafin gaba ta koma l'école. Kunnen Bahaushe bai raba su ba, ya haɗiye duka. Haka ya yi wa al-kitab na Larabci har ya zama littafi. Ingilishi na da school, Jamusanci Schule, Sifaniyanci escuela, Italiyanci scuola. Duk uwarsu ɗaya, schola ta Latin, ita kuma aro ce daga skhole ta Girkanci.

To, skhole ba ta nufin aji, ba ta nufin malami. Ma'anarta hutu, wato lokacin da mutum ba ya da aikin ƙarfi a gabansa. A birnin Atina, zamanin su Aflatun da ɗalibinsa Aristotal wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu hali ne ke zama suna muhawara kan ilimi, bayi kuwa na can gona. Sannu a hankali sunan hutun ya koma kan muhawarar, daga nan ya koma kan wurin da ake yin ta. Ko lise da yaranmu ke burin shiga, sunan filin da Aristotal ya koyar ne, Lukeyon.

Ba ma sha'awar bautar da ta ba su wannan sarari. Amma sun gane abu guda: karatu sai da lokaci.

A Nijar ana komawa lakwal a watan Oktoba, daidai kaka. Hatsi na jiran ɗauri, ga roron wake, ga gujiya, sannan a ƙasar Agye ga haƙar aya da tankaɗenta cikin ƙura. Sunan yaro na cikin rajista, shi yana gona. Yarinya ta dawo daga aji da rana, a aza mata farantin talla, ta shigo da magariba idonta na rufewa. Gobe a ce ba ta da ƙwaƙwalwa!

Talauci gaskiya ne, hannun yaro ma taimako ne a gida. Duk da haka, iyaye, alli da littafi ba su isa ba. A ware wa yaro ko awa ɗaya bayan la'asar, babu aike, babu talla, ya zauna ya yi bitar darasinsa.