Yadda ake amfani da tamfol tare da tanti

Garin Dabaga yana arewa maso gabas da birnin Agadas, a bakin ƙoramar Telwa, cikin ƙasar Abzin. Mutanensa manoman lambu ne da makiyaya. Da yawansu kan kwana a tanti ko bukka, ko a bakin lambu ko a wurin kiwo. Tantin gargajiya na Abzinawan wannan yanki da tabarmin kaba ake rufa shi. Mata ne ke saƙa tabarmin, su ne kuma masu tantin. Tabarma tana ba da inuwa mai sanyi, amma ruwan sama mai ƙarfi yakan ratsa ta. Saboda haka mutane ke ƙara tamfol, wanda wasu ke kira bash. Tamfol ɗin da ƙungiyoyin agaji ke rabawa yawanci faɗinsa mita 4 ne, tsawonsa kuma mita 5 ko 6. Idan kun kafa shi daidai, zai kare ku da kayanku. Idan ba haka ba, zai yage da wuri.

Ku fara zaɓen wuri

Ruwan sama ba shi da yawa a Abzin, kuma yawancinsa yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba. Amma duwatsu ba sa shan ruwa. Idan an yi ruwa a kan tsaunuka, sai ya gangaro cikin ƙorama da sauri, ko da ba a yi ɗigo ɗaya a inda kuke ba. A farkon Satumba 2009 Telwa ta yi ambaliya da dare, ta rushe gidaje masu yawa a Agadas, lambunan Dabaga ma suka yi asara. Don haka kada ku kafa tanti a cikin ƙorama ko a gaɓarta, ko da rairayinta ya bushe. Ku nemi tudu. Babu tamfol ɗin da ke tare ambaliya.

Ku bar fili tsakanin tamfol da tanti

Iska ba ta ratsa tamfol. Idan kun shimfiɗa shi a jikin tanti, zafin rana zai taru a ciki. Da sanyin dare kuma tururin numfashinku zai taru a jikinsa, ya riƙa ɗiga muku. Abin da ya fi shi ne ku kafa shi a kan sanduna, sama da rufin tantin, da tazarar kamu ɗaya. Ta haka iska za ta bi tsakaninsu ta kwashe zafi, tabarmi kuma ba za su ruɓe ba.

Yadda ake ɗaure shi

1. Ku kafa dogayen sanduna biyu, ku ɗaura igiya ko doguwar sanda a tsakaninsu. Ku ɗora tamfol a kai, ya sauko gefe biyu.

2. Ku ba shi gangara sosai. Idan ya kwanta, ruwa zai taru a tsakiyarsa, nauyin ya karya sanduna.

3. Ku naɗe kan kowace sanda da tsumma ko tsohuwar robar taya, domin kada ta huda shi.

4. Kada ku huda tamfol da wuƙa don sa igiya. Ku sami dutse mai santsi kamar ƙwan kaza, ku naɗe shi a kusurwar tamfol, sannan ku ɗaure igiya a ƙarƙashin ƙullin.

5. Turke ba ya kama rairayi. Ku ɗaura igiyar a tsakiyar guntun itace, ku binne shi a kwance, ko ku ɗaura ta a buhun da kuka cika da yashi.

6. Ku ja shi ya miƙe sosai. Tamfol mai kaɗawa a iska yakan yage cikin ɗan lokaci. Gefen da iska ke fitowa, ku saukar da shi kusa da ƙasa.

Idan za ku shimfiɗa shi a ƙasa

Tamfol na kare shimfiɗa da buhunan hatsi daga danshi. Amma kada gefensa ya leƙo waje da tantin, domin zai tari ruwan rufi ya kai shi ƙarƙashinku. Ku ninke gefen zuwa ciki. Sannan ku haƙa ɗan lambatu kewaye da tantin, ku ba ruwa hanyar wucewa.

Ku kiyayi wuta

Tamfol roba ne. Yana narkewa, yana kuma kama wuta da sauri. Ku nisanta murhu da fitila daga gare shi. A lokacin hunturu, cikin Disamba da Janairu, kada ku rufe tanti ruf da garwashi a ciki. Garwashi na fitar da wata iska mai guba wadda ba a gani, ba a jin warinta, tana kuma kashe mutum cikin barci.

Yadda zai daɗe muku

Rana ce ke cinye tamfol, har ya bushe ya riƙa tsagewa. Idan damina ta wuce, kuma ba ku bukatarsa don inuwa, ku kwance shi. Ku wanke, ku shanya ya bushe, ku ninke, ku ajiye a inuwa inda ɓera ba zai kai gare shi ba. Ƙaramar yaga kuwa, ku ɗinke ta tun ba ta faɗaɗa ba.

Kafin hadarin farko na bana ya taso, ku duba igiyoyinku da sandunanku, ku kuma nuna wa maƙwabta abin da kuka koya a nan.