Kafin a Buɗe Kundin Coci: Littattafan Tarihin Gari da Masu Neman Asali a Meziko

A ƙasar Meziko akwai garuruwa aƙalla uku masu suna San José de Gracia. Ɗaya yana jihar Michoacán, ɗaya yana kan tudun Jalisco kusa da Tepatitlán, na ukun kuma yana Aguascalientes. Shi wannan na ukun ma ba a mazauninsa na asali yake ba, domin ruwan madatsar Calles ya shanye tsohon garin wajen ƙarshen shekarun 1920. To, a ce wani jika a Chicago ko Los Angeles ya buɗe adakar kakarsa, ya tarar da tsohuwar takarda mai cewa a San José de Gracia aka yanke mata cibiya. Ina zai dosa?

Masu irin wannan tambaya ba kaɗan ba ne. A Amurka kawai akwai mutum fiye da miliyan 35 da tushensu yake Meziko, kuma da yawa daga cikinsu sun shiga neman salsala gadan-gadan. Takardu kuwa ba su yi musu ƙaranci ba. Tun 1563 babban taron Cocin Katolika na Trent ya umarci kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da aure, kuma limaman da Sifaniya ta tura Meziko sun yi ta cika kundaye har tsawon ƙarni uku. A watan Yulin 1859 Shugaba Benito Juárez ya sa hannu kan dokar rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa. Ga takardun ƙidayar 1930, masu ɗauke da sunayen mutane gida-gida. Ƙungiyar FamilySearch ta birnin Salt Lake ta ɗauki hoton ɗimbin waɗannan kundaye, yau mai kwamfuta yana iya karanta su daga ɗakinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba a jera kundayen bisa sunan iyali ba. An jera su ne bisa cocin da aka yi rajistar, bisa kuma iyakokin wancan zamani. Wanda bai san cocin da ke kula da ƙauyen kakanninsa a 1780 ba, allura yake nema cikin ruwa. A nan ne littafin tarihin yanki yake da ranarsa.

Wanda tsofaffin hannu suka fi tura sabon shiga gare shi shi ne Peter Gerhard, Ba'amurken da ya fitar da A Guide to the Historical Geography of New Spain a 1972, ya biyo da juzu'in kudu maso gabas a 1979, da na arewa a 1982. Ba littattafan hira ba ne. Mai neman daɗin labari zai yi gyangyaɗi tun shafi na uku. Amma Gerhard ya bi ƙasar gunduma-gunduma, yana faɗin wanda ya mulke ta, da lokacin da aka kafa kowace coci, da ƙauyukan da ke ƙarƙashinta, da sunayen da aka sauya. Sauyin suna kuwa ruwan dare ne. Morelia ta yau Valladolid ce har 1828. Hermosillo Pitic ce. Ciudad Juárez kuwa Paso del Norte ake ce mata har 1888. Ita kanta Aguascalientes a ƙarƙashin Zacatecas take kafin 1835, saboda haka kakan da ya ce shi ɗan Zacatecas ne bai yi ƙarya ba, taswira ce ta sauya bayansa.

Iyakokin coci sun fi na gwamnati rikitarwa. Kafin a kafa kujerar bishop ta Linares a 1777, bishop na Guadalajara ne yake kula da Nuevo León da Coahuila har zuwa Texas. A ƙananan garuruwan arewa, inda kusan kowa ɗan uwan kowa ne, duk mai son auren zumunci sai ya nemi izinin bishop, ya kawo shaidu su zayyana yadda dangantakar take, wani lokaci har kaka da kakanni huɗu. Babu takardar da ta fi wannan daraja wurin mai neman nasaba. Sai dai wanda kakanninsa 'yan Monterrey ne, in bai karanta tarihin yankin ba, ba zai taɓa kawowa a ransa cewa takardar tana can Guadalajara ba, ɗaruruwan kilomita daga garinsu.

Mutumin da ya ɗaga darajar tarihin ƙananan garuruwa a idon malaman jami'a ɗan San José de Gracia ne, ta Michoacán. Luis González y González, wanda aka haifa a 1925, ya ɗauki hutu daga aikinsa a El Colegio de México, ya koma ƙauyensu, ya tona kundayen coci da takardun filaye, ya zauna da dattawa yana sauraro. A 1968 ya fitar da Pueblo en vilo, tarihin garin da babu wani gwarzon ƙasa da ya fito daga cikinsa. Ya kira wannan salo microhistoria, wato ƙaramin tarihi, ya kuma ce ban da patria, ƙasar uba mai tuta da sojoji, kowa yana da matria, ƙasar uwa, ɗan yankin da mutum ya san kowa kowa ya san shi. A 1979 ya kafa El Colegio de Michoacán a Zamora, cibiyar da ta ci gaba da buga irin waɗannan ayyuka.

Jikan nan na Chicago, in kakarsa daga San José de Gracia ta Michoacán ta fito, a Pueblo en vilo zai tsinci abin da babu kundin da zai gaya masa. Zai ga cewa sai a 1888 aka kafa garin, a kan filayen tsohon gandun Cojumatlán da aka yanka aka sayar wa ƙananan makiyaya. Ke nan duk wanda aka haifa kafin lokacin sai a neme shi a cocin maƙwabta. Zai kuma ga cewa a yaƙin Cristero na 1926 zuwa 1929, lokacin da manoma mabiya Katolika suka ɗauki makami kan gwamnati, sojoji sun kori mutanen garin suka cinna masa wuta. In ya ga haihuwar wani kawunsa a wani gari can daban a waɗannan shekaru, ya san dalili.

Arewa maso gabas ta fi ko'ina sa'ar marubuta. Diego de Montemayor ya kafa Monterrey a 1596 da iyalai goma sha biyu, kuma tun 1649 kyaftin Alonso de León ya rubuta labarin yankin. Wani da ya ɓoye sunansa ya ɗora daga inda ya tsaya, sai a ƙarni na 20 Israel Cavazos Garza, marubucin tarihin Monterrey, ya nuna cewa Juan Bautista Chapa ne, mutumin yankin Genoa ta Italiya, wanda masu sunan Chapa a Nuevo León da kudancin Texas suke jingina da shi. Shi Cavazos ya tattara takardun koke da mazaunan farko suka rubuta wa hukuma suna neman fili, kowa yana lissafa hidimarsa da ta ubansa, ya buga su a 1964. A Coahuila akwai Vito Alessio Robles da littafinsa na 1938 kan Coahuila da Texas a zamanin mulkin Sifaniya, inda mai karatu zai haɗu da iyalan Tlaxcala 400 da aka kwasa zuwa arewa a 1591, wasunsu suka kafa San Esteban a gefen Saltillo. Chihuahua da Sonora kuma suna da ƙamus-ƙamus na Francisco R. Almada.

Wasu littattafan ba su ambaci kakan kowa ba, amma sun bayyana abin da ya tashe shi. Azurfar da aka gano a Zacatecas a 1546 ta ja mutane daga ko'ina, kuma Peter Bakewell ya bi sawun wannan a littafinsa na 1971. Annobar matlazáhuatl da ta ɓarke a 1736, da shekarar yunwa ta 1785 zuwa 1786, da kwalarar 1833, kowace ta watsa garuruwa. Iyalin da suka ɓace ɓat daga kundi a irin waɗannan shekaru, ko dai suna shafin jana'iza ko sun yi ƙaura.

Amma fa sai da lura. Yawancin tsofaffin marubutan gari lauyoyi ne da limamai da 'ya'yan manyan gida, kuma alƙalaminsu ya fi karkata ga duk wanda za a iya danganta shi da Sifaniya. Kundayen kansu sun fi su faɗin gaskiya: har zuwa samun 'yanci a 1821, limamai suna rubuta español ko indio ko mestizo ko mulato a gefen suna, wani lokaci ma kowane rukuni da littafinsa. Mai nema yakan tarar da mutum ɗaya mulato ne ranar baftisma, español ranar aure, bayan ya yi dukiya. Littafin garin kuwa na biyun kaɗai zai ambata. Sai da Gonzalo Aguirre Beltrán ya fitar da La población negra de México a 1946 sannan aka fara duban bayin da aka kawo daga Afirka da idon basira, ya kuma biyo da Cuijla a 1958, kan wani garin baƙaƙen fata a gabar tekun Guerrero. A ƙidayar 2020 mutum wajen miliyan 2.5 suka ce su zuriyar Afirka ne. Wanda kakanninsa suka fito daga Veracruz ko gabar Guerrero da Oaxaca, in ya tsaya ga littafin da ke lissafa masu takobi da doki kaɗai, rabin danginsa zai bari a baya.

Samun littattafan shi ma wani aiki ne. Meziko tana da ƙananan hukumomi fiye da 2,400, Oaxaca kaɗai tana da 570, kuma yawancin tarihin garuruwa gwamnatin jiha ce ko ƙaramar hukuma ta buga 'yan kwafi kaɗan, aka raba a wani biki, shi ke nan. Masu nema sukan fara da WorldCat, wanda ke nuna ɗakin karatun da ke riƙe da kowane littafi, su sa sunan garin na da da na yanzu tare da kalmomi irin su monografía ko apuntes ko efemérides. Sau da yawa amsar takan nuna tarin Benson na Jami'ar Texas a Austin, wanda aka gina kan littattafan Genaro García da jami'ar ta saya a 1921, ko ɗakin karatu na Bancroft a Berkeley. Tsofaffin bugu da yawa suna Internet Archive da HathiTrust, Jami'ar Nuevo León ma ta sa nata tarin a intanet. Wanda ya je birnin Meziko kuwa, titin Donceles ne kasuwar littattafan gwanjo, shago na bin shago.

In duk wannan ya faskara, da ɗan gari akan ci gari. Garuruwa da yawa suna da cronista, mutumin da hukumar gari ta naɗa ya riƙe tarihinta, sau da yawa malamin makaranta ne mai ritaya ko likita. Yakan san gandun da ya zama unguwa, da shekarar da aka ƙona ofishin rajista lokacin juyin juya halin da ya fara a 1910, da cocin da takardunta suka tsira. Ba abin mamaki ba ne a tarar shi ne marubucin littafin da ake ta nema, sauran kwafin kuma suna cikin kwali a ɗakinsa. Akasarin irin waɗannan littattafai ba su da jerin sunaye a baya, don haka jikan nan sai ya zauna da fensir ya bi su daga bango zuwa bango.