Ɗan Kunne Na Sa Ƙaiƙayi: Ko Faladiyom Ne Mafita?

Jama'a, a shirinmu na wannan mako mun taɓo zancen matan da kunnensu ke ƙaiƙayi, ya kumbura har ya yi ruwa in sun sa ɗan kunne. Galibi ba zinaren ne mai laifi ba. Wani ƙarfe ne da ake gauraya masa, sunansa nikel. Zufa ke narko shi ya shiga fata, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ƙuraje. Jikin da ya ƙi nikel kuwa, ya ƙi shi ke nan.

To, ina mafita? Akwai wani farin ƙarfe mai tsada, faladiyom, wanda akasari a Rasha da Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Maƙera na sa shi a madadin nikel wajen haɗa farin zinare, ko su ƙera zobe da shi. In kun ga hatimin Pd950, kashi 95 cikin 100 faladiyom ne. Shi kuwa 750, zinare ne kashi 75. Ragowar 25 ɗin ne abin tambaya.

Amma fa a kula, cikin waɗanda nikel ke damu akwai waɗanda faladiyom ma ke tayar wa da ƙaiƙayin.

Don haka makiyayin da ya sayar da sa zai haɗa lefe, da ɗan kasuwa mai saro kaya tsakanin Kano da Maraɗi, ku tambayi abin da aka gauraya kafin ku biya. In ƙuraje sun fito, a cire nan take, a je asibiti a auna.