Masuntan Tanda, Ku Cire Gidan Sauro Daga Ruwa

A gaɓar tekun Afirka ta Kudu da Namibiya akwai tsuntsun da ake kira fengwin. Ba ya tashi sama, nutso yake yi ya kamo ƙananan kifaye. A 2024 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa. A da mutane sun daɗe suna kwashe ƙwansa, amma yunwa ce ke neman ƙarasa shi yau, domin jiragen kamun kifi sun share sardin ɗin da yake ci. Sai da magana ta kai kotu kafin a 2025 a hana manyan jirage kamun kifi a wurare 6 da yake hayayyafa, har tsawon shekara 10.

Hanyar da ta kai shi can ita muka ɗauka a kogin Kwara, daga Tanda har Gaya. Gidan sauron da aka raba don tsare yara daga zazzaɓin cizon sauro, wasu sun mai da shi taru. Ba ya zaɓe. Yakan kwaso 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa da ko tsawon yatsa ba su kai ba, har da ƙwan, a shanya su a sayar a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kifin da bai girma ya yi ƙwai ba, wa zai haifa wa baɗi? Mafi muni masu zuba maganin ƙwari a tafki idan ruwa ya janye. Wannan kisan kai ne, domin mutane za su ci kifin, dabbobi su sha ruwan.

Fadamun wajen Albarkaize tun 2001 suke cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta kare, saboda tsuntsayen da ke sauka a can. Zalɓe da sauran masu cin kifi su ne za su fara ƙaura idan abinci ya yanke. Bayansu sai masunci, wanda zai kwana a kwalekwale ya dawo da abin da bai isa miya ba.

Kifi bai san iyaka ba, don haka dole mutanen Malanbil da na Kamba da ke ƙetaren iyaka su shigo cikin maganar. Amma ku sarakunan ruwa, ku fara daga gida: ku ƙwace tarun gidan sauro, ku rufe kamun kifi lokacin da kifi ke ƙwai, duk wanda aka kama da guba ku miƙa shi ga jami'an gandun daji, ko ɗan wane ne.